Rijiya gaba dubu: wai zurfin nawa ake tonawa kafin a tarar da man fetur?

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan isha'i sai wani yaro ya miƙo mana waya, bidiyo ne na wata rijiya a tsakar gida, an zura guga an jawo ruwa ga wani abu yana sheƙi a samansa, mai ɗaukar bidiyon sai ihu yake wai arzikin Arewa ya fito, fetur a rijiya, har ya ɗan tsiyaya a ƙasa ya ƙyasta ashana wuta ta kama. Nan fa gardama ta ɓarke. Wani dattijo da muke girmamawa ya gyara zama ya ce, "Ai ni na daɗe ina faɗa muku, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Man nan yana ƙarƙashinmu ko'ina, ba a dai so a tono mana ne."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, to in za a tona ɗin, gaba nawa kake ganin za a yi?"

Ya ce, "Ko gaba dubu ne a tona mana."

Kowa ya yi dariya, amma wallahi ba tare da ya sani ba Baba ya kusa faɗin daidai. Gaba ɗaya, wato ka buɗe hannuwanka biyu daga yatsa zuwa yatsa, wajen mita 1.8 ne a jikin babban mutum. Gaba dubu kenan wajen mita 1,800, kuma rijiyoyin mai da yawa a duniya zurfinsu bai yi nisa da haka ba. Kaga ashe rijiya gaba dubu da muke yi wa malamai kirari da ita akwai ta da gaske. Inda ban yarda da Baba ba shi ne wancan karin maganar da ya kawo, don shi mai ba haka yake ba, akwai inda za ka tona ƙafa saba'in ka same shi, akwai kuma inda za ka yi kilomita goma sha biyu kana tono ko ɗigo ba za ka gani ba.

Bari in fara da lissafi don a ga tazarar. Rijiyar da ake cewa ita ce ta buɗe harkar mai a Amurka, wadda Edwin Drake ya haƙa a Titusville ta jihar Pennsylvania a 1859, ƙafa 69 da rabi ce kacal, mita 21, wajen gaba goma sha biyu. Bohol ɗin unguwarmu ya fi ta zurfi. Ta Masjid Sulaiman a Iran, 1908, wajen mita 360. Ta Spindletop a Texas da ta yi ambaliya a 1901 tana feso mai sama, ita ma ba ta kai mita 350 ba. Rijiya ta bakwai ta Dammam wadda ta mayar da Saudiyya abin da ta zama yau, mita 1,440 aka yi a 1938. Tamu ta Oloibiri a jihar Bayelsa ta yanzu, wadda Shell-BP suka samu mai a cikinta a 1956, ta haura ƙafa 12,000, wajen mita 3,660 kenan. Ta Kolmani ta biyu tsakanin Bauchi da Gombe da NNPC ta sanar a 2019, ƙafa 13,701, mita 4,100 da ɗoriya. Sannan akwai rijiyar Tiber a tekun Meziko da aka haƙa a 2009, ita ta wuce mita 10,600, wato da za ka kifa tsaunin Everest a ciki da bai cike ta ba.

Daga mita 21 zuwa sama da dubu goma. To me ya kawo wannan bambancin?

Abu na farko da ya kamata mutum ya cire a ransa shi ne wai akwai wani tafki ko kogin mai a can ƙasa wanda in ka huda sai ka faɗa ciki. Babu shi. Ka taɓa zuba ruwa a kan sabon bulo ka ga ya shanye? To haka mai yake zaune, a cikin ƴan ƙofofin dutse, tsakanin ƙwayar yashi da ƙwayar yashi, ko a cikin irin dutsen da ake yin siminti da shi. In aka ciro maka guntun dutsen daga rijiyar mai ka riƙe a hannu za ka ji shi da tauri kamar kowane dutse, sai dai ya yi duhu yana warin mai. Shi ya sa ma ba a iya kwashe man duka, a rijiyoyi da yawa abin da ake iya cirowa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana nan maƙale.

Na biyu, shi man dafa shi aka yi, kuma a nan ne maganar zurfi ta shigo. Asalinsa ƙananan halittun ruwa ne, irin gansakuka da waɗanda ido ba ya gani, da suka mutu suka kwanta a ƙasan teku ko babban tafki cikin laka inda babu iska da za ta ruɓar da su. Laka ta hau kansu, yashi ya hau, wata lakar ta sake hawa, shekaru miliyoyi ana jibgawa, na ƙasa yana ta nutsewa. To ita ƙasa duk kilomita ɗaya da ka yi ciki zafi yana ƙaruwa da wajen digiri 25 zuwa 30. In lakar nan da ta riga ta zama dutse ta nutse har zafinta ya kai wajen digiri 60, sai ta fara tsatso da mai, kamar yadda kitse yake narkewa a kasko ya ba da kakiɗe. Haka za ta yi ta yi har wajen digiri 120 zuwa 150. In ya wuce nan to girki ya fara ƙonewa, man sai ya farfashe ya koma iskar gas, in aka ƙara nutsawa zafi ya wuce digiri 200 ita ma gas ɗin sai ta ƙare, a bar ka da baƙin abu kamar gawayi.

In ka lissafa, murhun da ake dafa mai yana tsakanin kilomita 2 zuwa 4 ne ko 5 a yawancin wurare. Sama da nan bai nuna ba, ƙasa da nan ya ƙone. Wannan ita ce amsar da ta fi kusa da tambayar "zurfin nawa", kuma ita ce dalilin da ya sa "a ƙara tonawa" ba kullum yake zama shawara mai kyau ba.

Sai ka ce to ya aka yi Drake ya samu a mita 21? Saboda mai ba ya zama a inda aka dafa shi. Ya fi ruwa rashin nauyi, kuma duwatsun ƙasa cike suke da ruwan gishiri, don haka da zarar ya fito sai ya fara hawa, kamar ka zuba man gyaɗa a ruwa ka ga ya taso. Yana bin duk inda ya samu kafa, a hankali a hankali, shekaru dubbai, wani lokaci ya yi tafiyar kilomitoci a kaikaice. In bai haɗu da abin da ya tare shi ba sai ya fito har doron ƙasa, mai sauƙin cikinsa ya bi iska, ya bar kwalta. Haka aka samu tafkin kwalta na Trinidad, haka kwaltar da ke kwance a jihar Ondo, haka yashin mai na Alberta a Kanada da ake kwasa da katafila da manyan tifofi ba ma sai an haƙa rijiya ba. Mutanen Baku a Azarbaijan da na Iraƙi sun san mai tun ƙarnuka da yawa kafin a ƙera injin haƙa, don yana tsatsowa da kansa.

Wanda muke nema shi ne wanda aka tare a hanya. Ka ɗauki ƙwarya ka kifa ta a cikin baho cike da ruwa, irin yadda mata ke yi in za su yi kiɗan ƙwarya, iskar da ke ciki ba ta da hanyar fita. To a can ƙasa ma akwai inda shimfiɗun dutse suka lanƙwashe suka yi kamar ƙwarya a kife, a sama akwai dutsen laka ko gishiri wanda ba ya yoyo, a ƙarƙashinsa akwai dutse mai ƙofofi. Mai yana hawowa sai ya shiga ƙwaryar ya maƙale, gas a can ƙololuwa, mai a tsakiya, ruwan gishiri a ƙasa. Zurfin rijiya dai shi ne zurfin da ƙwaryar nan take, shi kenan. In tana mita 400 a nan za ka tsaya, in tana mita 4,000 sai ka je. In kuma ka kuskure ta da ƴan mita ɗari a gefe, sai ka wuce ta ka faɗa ruwan gishiri, kuɗinka sun tafi.

Kaga kenan sai abubuwa sun haɗu: dutsen da ke da abin dafawa, zafin da ya isa, hanyar da man zai bi, dutsen da zai shanye shi, murfin da zai rufe, kuma murfin ya riga man zuwa wurin. Ɗaya ya ɓace, babu labari. Shi ya sa nake gaya wa Baba cewa a cikin birnin Kano ko Zariya ko Kaduna, in ka wuce jar ƙasa da marmara abin da za ka tarar shi ne giranit, irin wanda ake fasawa a yi kwankare. Masu haƙa bohol sun san shi sarai, da an kai kansa za ka ji ƙarar injin ta canza, ƙura fara ta fara tashi. Wannan dutsen daga narkakkiyar wuta ya daskare, bai taɓa zama lakar teku ba, ba abin da za a dafa a cikinsa. Ko shekara goma za ka yi kana huda shi giranit ɗin dai za ka yi ta gani. Inda ake sa rai shi ne inda ƙasa ta taɓa lotsawa laka da yashi suka cika ta da kauri, irin kwarin Binuwai har zuwa Gongola, yankin tafkin Chadi, Bida, Sakkwato, Anambra, da uwa uba Neja Delta inda kaurin abin da kogin Kwara ya jibge ya kai wajen kilomita goma a wasu wurare.

Rashawa sun gwada wannan a aikace, duk da su ba mai suke nema ba, bincike ne. A yankin Kola kusa da iyakarsu da Norway suka fara huda tsohon dutse a 1970, suka yi ta yi har 1989 suka kai mita 12,262, kuma har yau ba a yi ramin da ya kai shi zurfi a miƙe ba. Faɗin ramin bai wuce na faranti ba, santimita 23. Zafi ya kai digiri 180 a ƙasan, dutsen ya fara yin laushi yana matse ramin, dole suka haƙura. Ba rijiyar mai ba ce kuma ba ta zama ba. Af, wannan ramin ne fa ake jingina wa wancan sautin da ke yawo a waya wai an zura makirfo an jiyo ihun mutane a ƙarƙashin ƙasa. Ƙirƙira ce, don Allah a daina turawa.

Amma kar in yi wa Baba rashin adalci, akwai inda "a ƙara tonawa" ta yi rana, kuma babban misali shi ne Dammam. Amurkawan wani kamfanin mai sun fara haƙa a can a 1935, rijiya ta ɗaya, ta biyu, har ta shida, wata ta ɗan ba da mai ta koma ruwa, wata ba komai, saboda suna tsayawa ne a zurfin da aka samu mai a Bahrain da ke maƙwabtaka. Kuɗi na ta tafiya, manyan kamfanin a can Amurka sun fara tunanin tattara komatsai. Masanin duwatsunsu Max Steineke yana cikin waɗanda suka dage a bar rijiya ta bakwai ta ci gaba da nutsawa, ita ma ta ba su wahala ba kaɗan ba, bututu ya maƙale, bango ya rufta, sai ranar 3 ga Maris 1938 ta buɗe a mita 1,440. Abin lura shi ne ba da ka suka ƙara tonon ba, sun san suna kan ƙwarya a kife, tambayar kawai ita ce a wace shimfiɗa man yake. Kolmani ma kusan haka ne, Shell sun haƙa ta farko a 1999 suka tsaya wajen mita 3,000, suka ga gas da ba ta kai a yi kasuwanci da ita ba suka tafi, sai bayan shekara ashirin NNPC ta dawo da sabon bincike ta haƙa ta biyu ta wuce mita 4,000 ta ce ta ga mai da gas a matakai daban-daban.

A gefe guda kuma ga Borno. Rijiyoyi 23 NNPC ta haƙa a ɓangaren Najeriya na yankin tafkin Chadi a shekarun baya, biyu ne kawai suka nuna alamar gas, Wadi da Kinasar. Alhali tsallaken iyaka Nijar na ɗibar mai a Agadem, tana tacewa a matatar Soraz ta Damagaram tun 2011, yanzu har ta ja bututu kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, Chadi kuma tana fitar da na Doba tun 2003. Mutane na cewa ai ƙasa ɗaya ce, Bature ne ya ja layi. Gaskiya ne Bature ya ja layi, amma a can ƙasa ba shimfiɗa ɗaya ba ce kamar tabarma, ramuka ne daban-daban kowanne da kaurinsa da irin zafin da ya sha. Ni dai ina ganin ci gaba da binciken ya dace, kuma an biya shi da tsada, kowa ya tuna harin da aka kai wa tawagar masu binciken da malaman Jami'ar Maiduguri a wajen Magumeri a 2017. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa yi wa mutane alƙawarin ganguna tun kafin rijiya ta yi magana.

To ta yaya ake sanin inda za a tsaya tun kafin a fara? Ana ƙwanƙwasa ƙasa ne kamar yadda ake ƙwanƙwasa kankana. Manyan motoci ne masu faranti a ciki suke jijjiga ƙasa, ko a tayar da ƴar nakiya a rami, a teku kuma jirgi ne ke harba iska mai ƙarfi, sautin ya nutsa ya bugi shimfiɗun dutse ya dawo, dubban na'urori da aka jera su ɗauka, kwamfuta ta haɗa hoto kamar sikanin da ake yi wa mai juna biyu. Hoton zai nuna maka ga ƙwarya can a mita kaza. Abin da ba zai tabbatar maka ba shi ne ko akwai mai a ciki ko ruwa ne zalla. Wannan sai an huda, kuma rijiyoyin gwaji a sabon wuri waɗanda ke fitowa a bushe sun fi waɗanda ke dacewa yawa.

Shi haƙan kansa, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu bohol ya ga ƙaramin samfurinsa. Lokacin da aka yi na masallacinmu na wuni a wurin, sun tona ɗan rami a gefe sun dama laka a ciki, injin yana tura lakar ta cikin fayif tana dawowa ta gefe ɗauke da ɓarɓashin abin da ake hudawa, shi kuma ogan nasu duk bayan fayif ɗaya sai ya sa hannu ya ɗebo ɓarɓashin ya murza a tafinsa ya jera a ƙasa tsibi-tsibi, ga ja, ga fari, ga mai yashi, da haka yake karanta inda ya kai. Rijiyar mai ma haka ne, sai dai komai an ninka shi. Kowane fayif wajen mita 9 ne da ɗan kai, rijiya mai mita 4,000 kenan tana cin sama da guda 400 a ɗaure da juna. In haƙorin da ke bakin fayif ɗin can ƙasa yana huda dutse ya cinye, kuma dole ya cinye ko da na lu'ulu'u ne, sai an zaro su gaba ɗaya, ana kwancewa uku-uku ana jinginewa, a canza haƙori a sake mayarwa, aikin da zai iya cin kwana guda cur ba a ƙara ko taku ɗaya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa kilomita ta huɗu ta fi ta farko tsada nesa ba kusa ba.

Ramin kuma ba faɗi ɗaya yake tafiya ba. Ana farawa da faɗi, wajen inci 30, a sa kesin na ƙarfe, wato bututun da ke riƙe bangon ramin, a ɗura siminti a bayansa, sai a ci gaba da ƙaramin haƙori a sake sa kesin da ya fi siranta, inci 20, sai 13 da ɗan kai, sai 9 da ɗan kai, har a ƙare a wajen inci 7, kamar eriyar rediyo in ka zaro ta. Kesin na sama shi ke kare ruwan shan mutane daga haɗuwa da abin da ke ƙasa. Kuma ka ga wannan ma iyaka ce, in ka cika nutsawa sai ramin ya sirance har ba abin da zai wuce.

Amma babban abin tsoro a zurfi shi ne matsi. A mita 4,000 nauyin ruwa kawai ya ninka iskar tayar mota sau fiye da 150, kuma akwai wuraren da abin da ke cikin dutsen ya fi haka matsuwa sosai. Lakar nan da na ce, ba don kwaso ɓarɓashi da sanyaya haƙori kawai ake zuba ta ba, ita ce ke danne rijiyar. Ana haɗa ta da wani garin dutse mai nauyi da ake kira barayit, wanda ma ana haƙo shi a Nasarawa da Binuwai da Taraba. In lakar ta yi sauƙi gas ya turo ta ya biyo ramin, yana hawa yana kumbura kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. In ta cika nauyi kuma ta fasa dutsen ta zurare ciki, nan ma rijiya ta rasa abin danne ta. Tsakanin biyun nan ake tafiya, kuma duk ƙarin zurfi hanyar ƙara ƙunci take. Irin abin da ya faru a rijiyar Macondo ta tekun Meziko kenan ranar 20 ga Afrilu 2010, siminti bai riƙe ba, gas ya hawo, na'urar da ya kamata ta datse rijiyar ta kasa, Deepwater Horizon, dandamalin da ake haƙan daga kansa a saman ruwa, ya kama da wuta, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana bulbulowa cikin teku. Kuma wannan dandamalin dai shi ne ya haƙa waccan ta Tiber mai mita dubu goma ƴan watanni kafin nan.

Maganar teku ma wani lissafin ne daban, don kafin haƙori ya taɓa ƙasa sai ya ratsa ruwa. Tamu ta Bonga a tekun Najeriya da ta fara ba da mai a 2005 tana cikin ruwa mai zurfin sama da mita 1,000, kilomita 120 daga gaɓa. A Agbami da Egina, su ma a tekun namu, ruwan ya kai wajen mita 1,500. A Brazil kuwa sai an wuce ruwa wajen mita 2,000, a wuce dutse, a ratsa gishiri mai kaurin kusan kilomita biyu, sannan a tarar da man. Rijiya ɗaya a irin waɗannan wurare tana iya cin sama da dala miliyan 100, kuma tana iya fitowa a bushe.

Wani zai ce to ai ka ce in an wuce kilomita biyar mai ƙonewa yake, ya aka yi ake samu a dubu goma? Saboda zafi ne ke ƙona shi ba mita ba. Akwai wuraren da ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ko an binne dutsen da sauri bai daɗe a can ba, shi kuma gishiri yana janye zafi ya fitar da shi sama, sai abin da ke ƙarƙashinsa ya zauna da ɗan sanyi. Tekun Meziko da Brazil duk suna da gishirin. Chana ma tana bin irin wannan a hamadar Taklamakan, inda ta fara wata rijiya a 2023 ta gama a mita 10,910 a farkon 2025.

Sannan a kula da wata dabara da ƴan jarida ke yawan ruɗewa a kanta, tsawo daban zurfi daban. Za ka ji an ce an haƙa rijiya mai mita 15,000 a Sakhalin ta Rasha a 2017, ko ƙafa 50,000 a Abu Dhabi a 2022, sai ka ɗauka sun doke Kola. A'a. Waɗannan sun nutsa ne kaɗan sannan aka lanƙwasa haƙorin ya kwanta ya yi ta tafiya a kaikaice, ta Sakhalin ta yi sama da kilomita 14 a kwance. Amfanin haka shi ne in shimfiɗar man siririya ce, maimakon ka huda ta ka wuce, sai ka bi cikinta tsawon kilomitoci tana tsiyayo maka. Da wannan dabarar ce, haɗe da fasa dutse da ruwa mai ƙarfi, Amurkawa suka daina jiran man ya hau ya shiga ƙwarya, suka bi shi har cikin murhun, suke tatsarsa daga dutsen lakar da ya dafa shi a Dakota ta Arewa da Texas, wajen kilomita uku ƙasa sannan wasu kilomita uku a kwance.

Na dawo kan bidiyon yaron nan. Ɗanyen mai in ya fito daga ƙasa ba fetur ba ne, abu ne baƙi ko ruwan ƙasa ko kore-kore, wani kamar ruwan shayi wani kamar zuma, sai an kai shi matata an dafa an raba sannan a samu fetur da kananzir da gas na mota, wato dizal. In ka ga rijiyar gida mai gaba goma tana ba da abin da za a zuba a babur ya tashi, to daga matata ya fito, ko dai tankin gidan mai da ke binne a kusa ya huje, ko bututu ya fashe, ko tanka ta taɓa faɗuwa a wurin ƙasa ta shanye. Mun taɓa ganin haka a wata unguwa kusa da mu, mutane suka yi layi da jarkoki har ana faɗa, mai gidan ya fara taƙama ana ce masa Alhaji mai rijiya, bayan sati biyu aka gano tankin wani gidan mai ne a bayan layin ya yi tsatsa yana yoyo. Rijiyoyi huɗu aka rufe a layin, har yau ruwan ƴan garuwa suke saye.

Da na gama wannan dogon bayani Baba ya yi shiru, can ya ce, "To yanzu kai a lissafinka nan inda muke zaune gaba nawa ne zuwa giranit ɗin?" Na ce masa masu bohol ɗin masallaci sun same shi a fayif na tara.